Dokar zubar da ciki: a buɗe ƙofa ɗaya, a bar sauran a rufe

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaida ka da dukkan ma'aikatan gidan rediyon nan.

Na saurari muhawarar da kuka yi kan zubar da ciki kuma wallahi raina ya ɓaci, don ɓangare ɗaya na cewa duk wanda ya taɓo maganar nan ɗan koren Turawa ne, ɗayan kuma na cewa mu bi Benin da ta halatta shi har sati 12 a 2021, babu wanda ya tsaya ya faɗa ma mutane abin da dokarmu ta Nijar ta ce. Tun 2006 muna da dokar lafiyar haihuwa, ta yarda likitoci su cire ciki in zai halaka uwa ko ya lalata lafiyarta, ko kuma in an gano ɗan tayin na ɗauke da mummunar cuta. Bayan wannan laifi ne, har da ɗauri. To mata nawa ne a Tibiri ko Gidan Rumji suka san da haka? Ko ma'aikatan likita wasu tsoro suke, mace na zubar da jini ana jiran wanda zai sa hannu.

Ni ba na goyon bayan a saki abin sakaka. Musulma ce ni, a mazhabar Malikiyya muka tashi kuma ita ta fi tsanani a nan, na yarda ciki rai ne ba abin wasa ba. Amma malamanmu sun san Hanafiyya sun yi sassauci in da uzuri mai ƙarfi kafin kwana 120, kafin a busa rai, ashe akwai wurin zama a tattauna cikin addininmu ba sai an je Faransa aro ba, ita da ta saka 'yancin zubar da ciki cikin kundin tsarin mulkinta a 2024, ko Amurka da kotun ƙolinta ta rushe a 2022 hukuncin 1973 da ya halatta shi, suke ta rigima har yau.

Ƙofar da nake roƙo ita ce ta fyaɗe. Kowa a jihar nan ya san abin da 'yan bindiga ke yi a ƙauyukan Madarunfa da bakin iyaka, a ɗauke ɗiya a riƙe ta a daji, iyaye su sayar da gona da bisashe su biya kuɗin fansa, ta dawo da ciki. Dokar 2006 ba ta ambace ta ba. Sai uwarta ta lulluɓe ta da dare a tafi wurin mai sassaƙe ko a sayo ƙwayoyi hannun mai tallar magani a kan tire, bayan kwana biyu a kawo ta matarniti jiki zafi rau, zane jiƙe da jini, uwar na rantsuwa wai ɓari ne. In kuma ta haihu da ƙugun da bai ƙosa ba ga yoyon fitsari, ku je asibitin masu yoyon fitsari na Danja ku ga irin su. Wace doka ce muka kare a nan?

Na san majalisa ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta ƙasashen Afirka kan haƙƙin mata a 2006, kuma ban ce a dawo da ita dungurungum ba. A rubuta tamu: fyaɗe kawai, a farkon ciki, da shaidar likitoci, malamai na cikin masu tsarawa.

Su kuma hukumomi, tunda tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ake ta maganar 'yancin kai da sake gina ƙasa, to 'yanci ya haɗa da mu iya gyara dokarmu da kanmu ba don wata ƙungiyar waje ta matsa ba. Na yaba rage kuɗin asibiti da aka yi a 2024, talaka ya ji sauƙi, amma in babu tsaro a ƙauye kuma babu jini a ajiye a asibiti ragin bai kai ga waɗannan 'yan mata ba.

Don Allah in za ku sake shirin ku gayyato ungozoma da malami da alƙali su zauna tare, kuma a buɗe layi mata su kira ba sai sun faɗi suna ba.

Taku mai sauraro kullum,
daga unguwar Zariya, Maradi