Amsa ga mai tambayar "kai da wa kake?"

Malam, na ga tambayar da ka jefa min a Facebook, wai cikin abokaina biyu masu sharhin zane in fito fili in faɗi wanda nake tare da shi, wanda ya yabi nunin zanena ko wanda ya ce na koma zana dawakin hawan salla don a rataye a otal. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sosa min rai shi ne ƙarshen maganarka, da ka ce na yi shiru ne don ina cin tudu biyu.

Wallahi ba ka san mutanen nan ba. Wanda ya caccake ni ɗin tare muka yi karatun zane a Zariya, shi ne ya zo ɗakin aikina ya tsaya gaban zanen marinar Ƙofar Mata da na yi, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce shuɗin nan na kanti ne, rinin baba in an tsamo yadi daga rijiyar marina kore-kore yake fitowa sai iska ta buge shi yake komawa shuɗi, kuma kai ma ka sani. Wanda zai kalli aikinka haka ai ba maƙiyi ba ne. Shi kuma ɗayan, lokacin da ko kuɗin fenti ba ni da shi, shi ya fara rubutu a kaina ba tare da na ba shi ko sisi ba. To wanne kake so in yar? Kuma tudun me nake ci a wajen mutanen da su kansu rubutun ba ya ciyar da su?

Gardamarsu ma ta girme ni. Tun 1958 da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya ake ja a kan nawa za a ɗauka daga gida, nawa daga Turai. A Amurka ma masu sharhin zane Clement Greenberg da Harold Rosenberg sun yi shekaru ba sa ga-maciji, ɗaya yana bayan mai zane Pollock ɗaya ya fi kusa da mai zane de Kooning, amma zanen mutanen nan biyu yau duk ana kallonsu.

Maganar wai na toshe bakin wani da kyautar zane kuwa, ka kawo shaida.

Kai dai abin da kake nema rigima ce, don ita ke kawo maka mabiya, kuma duk wanda ke bin shafinka ya san ba yau ka fara haɗa mutane ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu rubutu a kan zane da Hausa ba su taka kara sun karya ba, ɗan abin da muke da shi ma so ake a mai da su 'yan dambe, a yi ta ihu a gefe, babu mai tambayar me aka zana. Kai kanka ba ka leƙo nunin ba, na duba littafin baƙi babu sunanka.

Su biyun na kira su jiya, kowa na nan a kan bakansa, kuma duka za su zo ganin sabon aikin kafin kowa. Nunin yana nan har ƙarshen wata, shiga kyauta ne, ka zo ka gani da idonka sannan ka yi tambaya.