Kira ga masu gyaran kwamfuta: a daina gaggawar fomatin

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah ka ban fili in yi kira ga 'yan uwana masu gyaran kwamfuta, akwai wata al'ada da take ci min tuwo a ƙwarya. Mutum zai kawo laftof ta ƙi tashi, kafin ya gama bayani an ce sai fomatin, a goge komai a sa mishi Windows na bogi, alhali ya sayi lasisinsa da kuɗin gumi. Haba jama'a!

Ƙin tashi fa ba mutuwar had dis ba ne, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta. Sau da yawa dis ɗin lafiyarsa ƙalau, sai a kwance shi a sa a kesin na USB a jona da wata kwamfutar, lambar lasisin Windows mai harafi 25 tana nan kwance cikin fayil ɗin SOFTWARE da ke Windows\System32\config, kuma akwai ƴar manhaja kyauta ProduKey ta NirSoft da za ka nuna mata wancan dis ɗin ta karanto maka, sai dai anti-bairos yakan yi ihu a kanta, shi ya sa a ɗauko ta daga shafin masu ita kawai. Tsofaffin inji na zamanin Windows 7 ma ba sai an wahala ba, juya ta ka duba sitika a ƙasa, wani lokacin tana ɓoye a ramin batir.

Tun daga Windows 8 a 2012 kamfanoni suka koma dasa lambar a cikin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, to ko dis ya ƙone tana nan, in an sake sa irin Windows ɗin da ta zo da shi da kansa yake ɗauka. Inda matsala take shi ne Office, daga na 2013 zuwa sama haruffa biyar na ƙarshe kaɗai ake samu a injin, sauran sai a asusun Microsoft na mai shi ko rasit ɗin saye. Ga kuma BitLocker, wato tsarin Windows na kulle bayanan dis, in dis a kulle yake sai da lambobi 48 na buɗewa, su ma galibi a asusun suke, ka ga dole a zauna da mai kaya a tambaye shi imel ɗinsa kafin a taɓa komai.

Abin da ya fi damuna masu shagon buga takardu da ɗalibai ne, su ba su san suna da wani lasisi ba balle su nema. Mai gyara shi ya sani, amana ce a hannunsa. Ya ciro lambar, ya rubuta wa mutum a takarda, ya caji kuɗin aikinsa halal ɗinsa ne, sannan ya yi fomatin ɗin in ya zama dole.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku mai karatu, daga Zariya.