Gaisuwar Babbar Sallah daga Landan

Assalamu alaikum Baba da Inna, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana.

Mun yi Idi da safe, ana sallamewa kowa ya nufi wurin aikinsa, ba algaita, ba doki ko ɗaya. Layya a nan kuɗi ake ba mahauci, daga baya a karɓo nama a leda. Na san yanzu kun dawo daga filin Idi na Ƙofar Doka, an yanka rago, gobe Inna za ta ɗora kaskon suya. Wannan suyar ce ke raina tun asuba: a soya naman da kitsensa har ya yi ja, a tsame, a barbaɗa yaji, a zuba a kwalla ya yi watanni bai lalace ba. Na nan ko an soya ba ya wannan ƙamshin, don ba wutar itace.

Auta, ka tambayi nisan da ke tsakaninmu. Daga filin jirgin Heathrow zuwa na Nnamdi Azikiwe a Abuja kimanin kilomita 4,770 ne. Kada ka auna da rula a kan taswirar bango, tana ruɗi, domin duniya mulmulalliya ce. Ka sami ƙwallon taswira ka ja zare tsakanin garuruwan biyu, inda zaren ya bi shi ne hanya mafi kusa. Ka kuma duba da me aka auna: mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa ke amfani da shi kuwa 1.852. Wajen bambanta su ne mutane kan yi kuskure.

Babban jirgi yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa idan ya daidaita a sama. Raba 4,770 da 850, za ka sami awa biyar da rabi da ɗoriya. Ƙara rabin awa na tashi da sauka da gangarawa a titin jirgi, ya zama awa shida da wani abu, abin da ke kan tikiti ke nan. Iska mai tunkarar jirgi tana ƙara lokaci, haka ma kewaye, kamar a 2023 da Nijar ta rufe sararin samaniyarta. Lokutan kan tikiti agogon kowane gari ne. Yanzu agogonmu ɗaya da naku, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris kuna gabanmu da awa ɗaya, sai ka cire ta a lissafi. Idan ka ratsa ta kwalejin koyon tuƙin jirgi ta nan Zariya, ɗalibanta za su nuna maka.

Awa shida kacal, Inna, amma sai an yi shekara!

A gaida Kawu da Yaya da iyalansu, da maƙwabta. A gaida Goggo sosai, a ce mata ina jin muryarta tana rabon nama tana faɗa da yara, Allah ya ba ta lafiyar ƙafar nan, ya ja kwananta. Auta, a ɗauko mini hoton hawan Sarki. Kada a ba kowa soyayyen nama ya kawo mini, an hana shigowa da shi, ƙwacewa za su yi a filin jirgi.

Ɗanku mai kewarku.