Rahoton Ayyukan Shekara: Manhajar Tace Bayanan Launin Teku

'Yan'uwa mambobi, ga inda kwamitin fasaha ya kai bana a aikin manhajarmu ta sa ido kan ruwan gaɓar teku.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne raba hasken ruwa da na iska. Cikin hasken da na'urar OLCI ta taurarin ɗan adam na Sentinel-3 ke kamawa, kusan kashi 90 cikin 100 ƙura da hazo da ita kanta iskar ne suka watso shi, bai taɓa ruwa ba. Tsohuwar dabara ita ce a ɗauka ruwa baƙi ƙirin ne a zangon haske na nanomita 865 (ma'aunin tsawon igiyar haske), duk abin da aka gani a wurin a ɗora wa iska. A tsakiyar teku dabarar tana ci. A bakin kogi kuwa laka tana maido da haske a wannan zangon, manhaja ta ɗebe fiye da kima, lissafin shuɗi a zangon 412 da 443 ya faɗi ƙasa da sifili. Yanzu manhajar kan ƙiyasta rabon laka, ta cire shi, ta sake auna iska, ta yi ta maimaitawa har adadin ya tsaya. Inda ruwa ya yi kauri ƙwarai mun gwada zangon 1240 da 2130 na MODIS, wata na'urar tauraron ɗan adam ta daban, sai dai sakamakon yakan zo da ƙuraje, wato ba ya fita tas, dole a haɗa ɗigon hoto da yawa kafin a amince da shi.

Auna kulorofil, sinadarin da ke sa gansakuka kore, shi ma ya sha gyara. Kwatanta shuɗi da kore yana ruɗin mutum a gaɓa, domin ruɓaɓɓen ganye da kogi ke kwasowa yana shanye shuɗi kamar yadda gansakuka ke yi, taswira ta nuna yawan da babu shi. A irin wannan ruwa mun koma kwatanta zangon 709 da 665. A ganinmu wannan ne gyara mafi amfani ga masu lura da ɓarkewar gansakuka mai guba.

An ƙara alamomin da ke ware gajimare, ƙyallin rana da ruwa marar zurfi da ake hango ƙasansa. Kowane ɗigo na OLCI mita 300 ne, saboda haka na kusa da tudu hasken ƙasa yana gurɓata shi. Wannan har yanzu ba mu shawo kansa ba.

Wajen tantancewa, samfurin ruwan da aka ɗeba cikin awa 3 da wucewar tauraron kaɗai muke karɓa, a kwatanta shi da murabba'in ɗigo 3 sau 3. Muna roƙon masu fita da jirgin ruwa su riƙa rubuta lokaci da wuri daidai, don rashin haka ya sa an zubar da samfura masu kyau.

Baɗi za mu fara karanta bayanan tauraron PACE da NASA ta harba a 2024, wanda zangunansa masu yawa za su buƙaci a sake rubuta sashen shigar da fayil.