Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni amfanin tsofaffin labaran sararin samaniya

Assalamu alaikum 'yata,

Ranar Asabar a taron masu karatu, ana gab da tashi, kika miƙe daga layin baya kika yi mini tambaya a gaban jama'a. Kika ce: "Malam, kullum kana tura mu karanta ƙagaggun labaran kimiyya da Turawa suka rubuta shekara tamanin da suka wuce. Ilimin cikinsu ya tsufa, masu rubuta su kuma ba su ɗauke mu mutane ba. Me za mu tsinta a ciki?" Kafin in buɗe baki aka kira la'asar, na ce ki bi ni bashi. To ga shi na zo biya, kuma a fili, tunda a fili kika tambaya.

Maganar tsufan ilimi gaskiyarki ce. Marubutan wancan zamani sun cika duniyar Venus, wadda mu muke kira Zara matar wata, da kurmi da fadama da ruwan sama marar yankewa. A 1962 kumbon Mariner 2 ya gifta ta kusa da ita ya auno zafinta, yau kuma an san doron ƙasarta ya haura digiri 450, zafin da ke narkar da darma. Sun haƙa wa duniyar Mars magudanan ruwa, sun gina mata tsofaffin birane, sai Mariner 4 ya aiko hotuna a 1965, babu komai sai ramuka da ƙura. Jarumansu na tuƙa kumbo daga tauraro zuwa tauraro, amma da fensir da takarda suke lissafin hanya. Idan darasin ilimin taurari kike nema, wayar da ke hannunki ta fi su sani.

Sai dai ki fara sanin su wane ne mutanen nan, don akwai abin da zai yi miki kama da gida. A watan Afrilun 1926 wani ɗan asalin Luksambok da ya koma Amurka, Hugo Gernsback, ya fito da Amazing Stories, mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga irin waɗannan labarai. A kan takarda mai araha ake buga ta, mai saurin yin ja da karyewa. A cikinta aka buga The Skylark of Space a 1928, na E. E. Smith, masanin haɗa sinadaran abinci da ke rubutu bayan ya taso daga aiki. Shi ya buɗe ƙofar labaran da rundunonin kumbo ke gwabzawa tsakanin taurari. Sunan da ake kiran irinsu da shi, "space opera", zagi ne asalinsa: wani marubuci mai suna Wilson Tucker ya ƙirƙiro shi a 1941, yana kwatanta su da wasannin rediyo na shirme da kamfanonin sabulu ke ɗaukar nauyi. Ke da kika san yadda aka laƙaba wa littattafan matanmu sunan adabin kasuwar Kano don a rage musu daraja, kuma kika ga yadda masu karatu suka ƙi sakin su, ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Abin da ake kira zamanin zinare na irin waɗannan labarai ya soma ne bayan John W. Campbell ya zama editan mujallar Astounding a ƙarshen 1937. A tsakiyar 1939, cikin wata uku a jere, ya buga A. E. van Vogt da Isaac Asimov da Robert Heinlein da Theodore Sturgeon, dukkansu sababbin hannu. Santi ɗaya na dalar Amurka ake biya a kan kowace kalma. Sharaɗin da Campbell ya gindaya musu shi ne dalilin da ya sa nake tura ku wurinsu. Ya yarda marubuci ya yi ƙarya guda ɗaya, ya ce "da a ce kaza ya faru". Daga nan kuma babu sauran alfarma: dole ya bi sawun wannan ƙarya da gaskiya, ya nuna me za ta yi wa kasuwa da mulki da gida da zuciyar mutum, ko da inda ta kai shi bai yi masa daɗi ba. A tatsuniya, in Gizo ya shiga tsaka mai wuya, mai ba da labari na iya fito masa da ƙofa a jikin kuka, kuma ba wanda zai yi ƙorafi, don haka tsarinta yake. A nan kuwa an ɗaure hannun marubuci da igiyar da shi ya tufka.

Bari in nuna miki da labarin da ya kama ni tun ina saurayi. A wurin mai sayar da tsofaffin littattafai na same shi, a shimfiɗe kan buhu a bakin titi, cikin wani tarin gajerun labarai da bangonsa ya yage. Sunansa Nightfall, Asimov ya rubuta shi a 1941 yana ɗan shekara 21. Wata duniya ce mai suna Lagash, tana da rana shida, ko da yaushe akwai aƙalla ɗaya a sama. Mutanenta ba su taɓa ganin dare ba, ba su ƙera fitila ba don ba su da buƙatarta. Masu tonon tarihi sun gano an sha gina wayewa a ƙasar tana ƙonewa ƙurmus, kuma tazarar lokacin iri ɗaya ce. Masana taurari suka yi lissafi suka gane dalili: duk bayan shekara 2049, a ranar da rana ɗaya tak ta rage a sama, wani wata da ba a iya gani yana shiga gabanta, duhu ya rufe ko'ina. Ga shi kuma ranar ta zo. Wani matashin masani ya yi ƙarfin halin cewa wataƙila akwai wasu ranaku can nesa, kamar goma sha biyu ko ashirin da 'yan kai, shi kansa yana jin ya yi zuzutawa. Da duhu ya sauka, taurari dubu talatin suka bayyana. Mutane suka haukace, suka cinna wa biranensu wuta don su sami haske.

Da fitilar ƙwai na karanta shi, an ɗauke wuta, lokacin hunturu. Da na kai ƙarshe na rage lagwani na fita tsakar gida. Ga Kaza da 'ya'yanta a inda na saba ganinsu tun ina yaro, ga mahaifiyata tana juye ragowar tuwo a ƙwarya ba ta ko ɗaga kai ba. Na daɗe a tsaye gabana na faɗuwa. Abin da nake gani kyauta kowane dare, ban taɓa tambayar girmansa ba sai da Asimov, ɗan wani mai kantin alewa a unguwar Buruklin ta birnin New York, ya ɗauke mini shi na shekara dubu biyu sannan ya mayar. Daren nan ne ya kai ni ajin kimiyya, kuma har na yi ritaya da labarin nake buɗe darasin husufi. Babu abin da Mariner ya auno da ya taɓa shi, domin tambayarsa ita ce me mutum ke yi in ya ci karo da gaskiyar da ta fi ƙarfin tunaninsa.

Ba duka suka yi kuskure ba ma. A 1944 Astounding ta buga wani labari na Cleve Cartmill da ya bayyana haɗa bam ɗin nukiliya dalla-dalla, har jami'an tsaro suka je ofishin Campbell suna tambayar wa ya fitar da sirri, alhali daga mujallun kimiyya na kowa da kowa aka tattaro bayanan. A 1945 Arthur C. Clarke ya rubuta maƙala yana cewa in aka ajiye tauraron ɗan'adam a nisan kilomita kusan 36,000, zai riƙa juyawa daidai da duniya, kamar a tsaye yake wuri guda. Farantin da ke kan rufin gidanku, wanda ba ya motsi, can yake kallo. Amma ba na son ki auna su da ma'aunin duba, ba aikinsu ke nan ba.

Yanzu ga rabin tambayarki mai zafi. Campbell mai nuna wariyar launin fata ne, kuma bai ɓoye ba. Ya yi rubuce-rubuce yana nema wa bautar bayi uzuri. Samuel R. Delany, baƙar fata ɗan Amurka, ya ba da labarin yadda a 1967 Campbell ya ƙi buga littafinsa Nova, da hujjar masu karatunsa ba za su karɓi jarumi baƙi ba. Asimov da kansa ya faɗa cewa Campbell na son ɗan'adam ya riƙa rinjayar halittun wasu duniyoyi ko ta halin ƙaƙa, shi kuma yana jin warin fifita Bature a ƙarƙashin wannan buƙata, shi ya sa ya cire baƙin halittu gaba ɗaya daga labaransa na Foundation. Mata ma ba su sha da daɗi ba, ko da yake C. L. Moore da Leigh Brackett sun kutsa sun yi suna. A 2019 aka cire sunan Campbell daga kyautar da ake ba sababbin marubuta. Ban ji haushin cirewar ba ko kaɗan. Na karanta littattafai da yawa da suka kai ɗan'adam shekara dubu goma gaba, ban ga mai kama da ni ko ke a cikin kumbon ba, kuma abin ya yi mini ciwo tun kafin in san yadda zan faɗe shi.

Abin da nake roƙonki shi ne ki karanta su kina gardama da su. Ɗauki The Cold Equations na Tom Godwin, 1954. Wani ƙaramin kumbo zai kai magani ga mutum shida da zazzaɓi ya kama a wata duniya, an auna masa mai daidai nauyin direba da kaya, babu rarar ko ɗigo. Wata yarinya 'yar shekara 18 ta ɓuya a ciki don ta je ganin yayanta, tana zaton tara kawai za a ci ta. In ta zauna, kumbon zai faɗi, ita da direba da marasa lafiya duk su mutu. Doka ta ce a fitar da ita waje. Labarin ya bi lissafinsa har ƙarshe, ta rubuta wasiƙu, ta yi sallama da yayanta ta rediyo, ta shiga ƙofar da ƙafarta. Campbell, editan da ya buga labarin, shi ne ya dage kada a cece ta. Darasin da yake so a ɗauka shi ne dokar halitta ba ta san tausayi ba.

Na sha karanta wa 'yan aji wannan labari, kuma ba na manta wata shekara da wani yaro, ɗan makanike ne, ya ɗaga hannu idonsa ya yi ja. Ya ce: "Malam, wa ya ƙera motar da ba ta da rarar mai? Wa ya bar ƙofa ba kwaɗo, ya rubuta gargaɗi kawai?" Ajin ya yi tsit. Yaron ya gano abin da editan bai so a gani ba, cewa mutane ne suka yi rowar mai da rowar kwaɗo, sannan suka jingina laifin ga lissafi. Ina tare da yaron nan har gobe. Amma ki lura da abin da ya ba shi damar kama su: labarin ya shimfiɗa nauyinsa da mansa da dokarsa a fili, ta yadda ɗan shekara goma sha biyar zai iya bi ya nuna inda aka yi ha'inci. Horon da nake nema muku ke nan.

Kuma kada ki yarda a ce miki sararin samaniya gonar wasu ce. Ranar 20 ga Fabrairun 1962, da John Glenn ya zagaya duniya sau uku, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbonsa suna magana da shi a Kano take. A 1969, shekarar da aka taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani yaro mai suna Kilba ya yi tafiya sararin samaniya da harshenmu. A 2016 Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta ci kyautar Hugo, mai ɗauke da sunan Gernsback ɗin nan, da labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Himba ta ƙasar Namibiya da ta hau kumbo zuwa jami'a a wata duniya. Abin da ya dame ni shi ne bayan Dembo hanyar ta yi ciyawa a wurinmu, ga kuma marubuta birjik.

In za ki fara, fara da Nightfall, gajere ne, zama ɗaya ya ishe shi. Ki bi da The Cold Equations. Sannan Foundation, inda wani masanin lissafi, Hari Seldon, ya hango daular taurari za ta rushe, duhun jahilci na shekara dubu talatin ya biyo baya, ya nemi hanyar rage shi zuwa dubu ɗaya. Daga tarihin faɗuwar daular Rum Asimov ya ɗebo shi. Na Smith ki bar su sai daga baya, hayaniyarsu ta fi ma'anarsu yawa. Turancinsu mai sauƙi ne, don 'yan makaranta da ma'aikata aka rubuta wa.

Tsohon littafin nan mai yagaggen bango yana nan a wurina, na ɗinke shi da zare. Zan zo da shi taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu, in ba ki aro. Ki karanta shi da dare, kuma ina son jin abin da za ki ce game da ƙofar da ba a sa wa kwaɗo ba.

Allah ya yi miki albarka. Ki gaida mutanen gida.

Naki,
Malaminki na taron Asabar