Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kai mu kallon balen a Kwatano

Zuwa ga shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Alhaji, sau biyu ina zuwa biro ɗinku a nan Damagaram ana ce mini ka fita. Na bar takarda, shiru. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Ni malamin kimiyyar halittu ne a wata koleji. A Facebook na ga tallarku: hoton balen, ƙatuwar dabbar nan ta teku, ta yi tsalle sama da ruwa, an rubuta yini guda a teku, kallon balen da tsuntsaye, tashi a hutun Disamba. Shekara da shekaru ina zana wa yara wannan dabba a allo. Ina gaya musu ba kifi ba ce, ko da yake wasu na danganta ta da kifin Annabi Yunusa: da huhu take numfashi ta kafar da ke saman kanta, tana haihuwa, tana shayarwa. Amma idona bai taɓa ganinta ba. Kuɗin adashena na kwasa na biya mana, ni da ɗiyata, wadda duk duniya babban ruwan da ta sani shi ne tafkin Gidimuni.

Hanya ba ni da kuka a kanta. Maraɗi, Ƙonni, Doso, Gaya, muka tsallaka kogin Isa zuwa Malanbil, muka bi Paraku har Kwatano. Mun san da nisa kafin mu tashi.

Kukana a teku yake. Awa huɗu muna yawo, kowa ya zuba ido ko zai hangi feshin ruwan da ake faɗi. Ɗiyata ta riƙe wayata da hannu biyu, ta ƙi ajiyewa ko da jiri ya kama ta ta yi amai. Da na gaji na tambayi matuƙin jirgin, wani dattijon masunci, ya dube ni da mamaki. Ya ce ai sun daɗe da tafiya, wanda ke son ganinsu daga Agusta zuwa Oktoba yake zuwa. Wakilinku na zaune kusa da mu, ya ji, ya sunkuyar da kai.

Na dawo na bincika, maganar dattijon gaskiya ce. Balen mai doro, wadda ke cikin hotonku, tsawonta kan kai mita 15, nauyinta ya kai tan 30. A ruwan ƙanƙara na kudancin duniya, wajen Antaktika, take kiwo. Idan sanyi ya shigo can sai ta yi tafiyar dubban kilomita zuwa ruwan ɗumi na gaɓar Gabon, Benin da Togo, ta haihu, ta shayar da ɗanta har ya yi ƙwari. Zuwa ƙarshen shekara ta juya kudu. Wannan ba rashin sa'a ba ne, Alhaji. Da a Satumba muka je ba mu gani ba, da na ce haka Allah ya so, dabbar daji ba ta da alkawari da kowa. Amma ku kun sayar mana da kallon shuka a tsakiyar rani. In kun sani, kun ci amanarmu. In ba ku sani ba, me ya hana ku tambayi masuntan kafin ku karɓi kuɗin mutane?

Tsuntsaye kam mun gani, ba zan ɓoye ba. Farare ne sirara, masu wutsiya kamar almakashi, irin waɗanda ke gudo sanyin Turai zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Sai ɗaya ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, ya naɗe, ya faɗa ruwa kamar an harba kibiya, ya fito da ɗan kifi na walƙiya a bakinsa. Nan kaɗai na ga yarinyar ta yi murmushi. Sai dai ko sunansu wakilinku bai sani ba, tabaron hangen nesa da kuka ambata a talla kuwa guda ɗaya ne, mu goma sha huɗu.

Abin da har yau ke hana ni barci shi ne rigar ruwa. Tara aka raba. Mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba su iya iyo ba. Na ba ɗiyata tawa, na zauna ina salati duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga jirgin. Wata baiwar Allah da ke bayana haka ta yi wa ɗanta.

Ina neman ku mayar wa kowannenmu kuɗin fita teku, tunda a rasit ɗinku a ware yake da na mota da masauki. Ku cire hoton nan daga tallar Disamba, ku rubuta watannin gaskiya. Kada kuma ku sake sa kowa cikin jirgi sai an ƙirga riguna daidai da kawuna. Rasit ɗina da hotuna suna hannuna, mutum bakwai daga cikin abokan tafiyar sun yarda su yi shaida. Ranar Litinin da hantsi zan sake zuwa biro, ina fatan in same ka.

Wassalam,
Wani malamin makaranta, unguwar Birni, Damagaram