Iyayenmu a ikilisiya, ku karanta aikinmu kafin ku ƙirga sunan Yesu a ciki

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya da malaman matasa a kan abin da ya daɗe yana ci wa irinmu tuwo a ƙwarya, wato matasa Kirista masu rubutu, waƙa, zane da kiɗa. Ni budurwa ce, ina cikin ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiyarmu, ina rubuta waƙoƙi da gajerun labarai, ina zane da fensir da gawayi, yanzu kuma ina koyon jita. Ina son ikilisiya, a cikinta na tashi, shi ya sa na kawo kukana inda iyayena za su ji.

Duk sa'ad da ɗayanmu ya kai aikinsa gaban babba, tambaya guda ce ke jiransa: ina saƙon? Idan sunan Yesu ya fito sau biyar, sai a ce Allah ya ƙara baiwa, ko da baitocin sun karye, ko da an ɗebo su ne daga waƙoƙin da kowa ya sani. Idan bai fito ba, sai fuska ta sauya, a ce wannan ai na duniya ne. Da wuya ka ji an tambaya ko abin da aka rubuta gaskiya ne, ko an yi shi da kyau.

Bayan rasuwar mahaifina na rubuta waƙa. Na yi maganar takalmansa da suka daɗe a bakin ƙofa ba wanda ya iya kawar da su, da kujerarsa a majami'a, da addu'ar da nakan fara da dare in kasa kai ta ga amin. Na kai wa wata dattijuwa da nake girmamawa ƙwarai. Ta karanta har idonta ya cika, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kin iya. Amma ki ƙara baiti ɗaya na nasara a ƙarshe, kada masu ji su yi tuntuɓe." Na ce, "Mama, ban kai wurin ba tukuna." Na san ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kuma har yau ina kai mata abin da na rubuta. Sai dai baitin da ta nema zai zama ƙarya a bakina a lokacin, ni kuwa ban ga yadda ƙarya za ta ɗaukaka Allah ba.

Wanda ya buɗe Zabura 88 zai ga abin da nake nufi. Mawaƙin ya fara da kira ga Allah mai cetonsa, ya yi ta kuka har ƙarshe, waƙar kuma ta ƙare a cikin duhu, ba tare da juyi zuwa murna ba. An bar ta haka a cikin waƙoƙi 150 na littafin Zabura da masu bi suke rairawa shekaru dubbai. Waƙoƙin kuka ma su ne rukuni mafi yawa a littafin. Mutumin da ya binne ɗansa ranar Juma'a ya zo sujada ranar Lahadi yana bukatar waƙar da ta san halin da yake ciki. Idan duk abin da muke da shi na rawa da tafi ne, zai zauna a tsakiyarmu shi kaɗai.

Littafin Makoki ya fi ba ni mamaki, domin a nan ne na gane cewa baƙin ciki da gwaninta suna tafiya tare. An rubuta shi a kan rushewar Urushalima a hannun Babila, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Birni ya ƙone, Haikali ya faɗi, yara suna suma don yunwa a kan tituna. Duk da haka mawaƙin ya zauna ya jera kukansa bisa haruffan Ibrananci 22, kowace aya da harafinta. Sura ta 1, ta 2 da ta 4 ayoyi 22 ne kowacce, ta 3 kuwa 66 ce, ayoyi uku ga kowane harafi. Haka Zabura 119 take, sassa 22, ayoyi takwas-takwas, jimilla 176. Duk wanda ya taɓa gwada ɗaure kansa da irin wannan ƙa'ida ya san gumin da ke ciki: za ka sami kalmar da ta dace da zuciyarka, harafinta ya ƙi, ka kwana kana neman wata. Mutanen da suka ba mu waɗannan littattafai sun ɗauki aikin kalma da muhimmanci, kuma Ruhu Mai Tsarki bai ƙi aiki da ƙwazonsu ba.

Haka batun labari. Annabi Natan bai shiga wurin sarki Dauda da wa'azi ba. Labarin wani matalauci da 'yar tunkiyarsa guda ya ba shi, kamar yadda yake a 2 Sama'ila 12, sai da Dauda ya husata ya yanke hukunci da bakinsa kafin aka ce masa shi ne mutumin. A misalin Basamariye a Luka 10 akwai 'yan fashi, hanya, mai da ruwan inabi, masauki da dinari biyu, amma a cikin labarin kansa ba a ambaci sunan Allah ba. A littafin Esta na Ibrananci ma ba a ambace shi ko sau ɗaya ba, duk da haka mai karatu yana ganin hannunsa daga farko har ƙarshe. Da wani matashi ne ya kawo irin waɗannan labarai a taron matasa yau, ina tsoron da an mayar masa ya je ya ƙara aya.

Masu zane sun fi mu shan wahala. Mawaƙi yana da wurin tsayawa ranar Lahadi, mai zane kuwa ba a tunawa da shi sai ana son a rubuta jigon taro a kan allo. Wasu iyaye suna jin tsoro saboda dokar Fitowa 20 a kan siffofi, kuma ban raina wannan tsoro ba. Kiristoci sun yi doguwar gardama a kansa, har ta kai ga farfasa hotuna a daular Rumawa ta gabas a ƙarni na takwas, aka yi babban taro a Nikiya a shekara ta 787 a kan batun, kuma har gobe ɗarikoki ba su zama baki ɗaya ba. Amma abin da dokar ta hana shi ne yi wa siffa sujada. A cikin wannan littafi na Fitowa, sura 31, Allah ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya, azurfa, tagulla, yankan duwatsu da sassaƙar itace. A sura 28 an ba da umarni a yi siffar rumman da zare shuɗi, shunayya da ja a gefen rigar babban firist, an kuma ce tufafin domin daraja ne da ƙawa. Sa'ad da na zauna ina zana hannuwan kakata, jijiya bayan jijiya, ina duban aikin Mahalicci ne da natsuwar da ba na samu a cikin gaggawar yau da kullum. Nakan tashi daga wurin da godiya a zuciyata.

Akwai abin da zan faɗa wa 'yan'uwana matasa ma. Da yawa a cikinmu sun mai da "Ruhu ne ya ba ni" garkuwa, ba a isa a taɓa musu layi ɗaya ba. A rubuta da safe, a saka a Facebook da rana, a ƙirga masu yabo da yamma. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A 1 Tarihi 25 an lissafa mawaƙan ɗakin Ubangiji 288, aka ce horarru ne, gwanaye, har an ambaci malami da almajiri a cikinsu. A sura 15 an ɗora Kenaniya a kan waƙa domin ya ƙware. A Fitowa 35 an ce an ba Bezalel da Oholiyab ikon koyar da waɗansu. Baiwa tana zuwa daga Allah, amma a duk waɗannan wurare akwai wanda ya zauna ya koyar da wanda ya zauna ya koya.

Labarin Bach, makaɗin nan na Jamus, yana ƙarfafa ni. A 1705, yana ɗan shekara 20, yana kaɗa wa wata majami'a a garin Arnstadt, ya nemi hutun mako huɗu ya taka da ƙafa kusan kilomita 400 zuwa Lübeck domin ya saurari wani tsohon gwani. Bai dawo ba sai bayan kusan wata huɗu. Shugabannin ikilisiya sun tuhume shi a kan wannan jinkiri, suka kuma yi ƙorafin cewa yana saka baƙin sautuka a cikin waƙoƙin sujada har jama'a na ruɗewa. A kan jinkirin suna da gaskiya. Amma wannan saurayi ne ya zama mutumin da yake rubuta haruffa uku a ƙarshen ayyukansa da yawa, masu nufin ɗaukaka ga Allah kaɗai, kuma ana rera kiɗansa a majami'u har yau.

Na san abin da iyayenmu ke gudu. Sun ga yaran da suka fara a ƙungiyar mawaƙa, suna ya ɗauke su, girman kai ya shiga, suka bar bangaskiya. Wannan yana faruwa, kuma abin baƙin ciki ne. Sai dai daga abin da na gani a tsakanin sa'o'ina, wanda aka ƙi sauraro a gida shi ya fi saurin kai aikinsa inda za a saurare shi, can kuwa ba mai tambayar lafiyar ransa. Wata ƙawata mai rubuta wasan kwaikwayo ta daina nuna wa kowa a ikilisiya, domin kowane wasa sai an ce mugu ya tuba a fitowa ta ƙarshe. Tana rubutu har yanzu, mu ne dai ba ma gani.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A kusan kowace ikilisiya akwai malamin harshe da ya yi ritaya, ko tela, ko kafinta, ko tsohuwar mawaƙiya da ta san inda murya take karyewa. A ba mu yamma ɗaya a wata mu zauna da su, kowa ya kawo abin da ya yi, a karanta da ƙarfi, a rataye zane a bango, a gaya mana a fili inda baiti ya yi rauni da inda muka kauce wa koyarwa, idan mun kauce. A bar mai makoki ya karanta makokinsa yadda ya rubuta shi. Idan kuma jaridarku za ta keɓe ɗan gurbi ga waƙoƙi da zanen matasa, Kirista da Musulmi, tare da sharhin wani masani a ƙarƙashi, da mu da iyayenmu za mu amfana.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Wata matashiya mai karanta jaridarku